Sakamakon Gwajin Baba Sifana

Malama ta ɗaga farantin zuwa hasken taga, ta juya shi, ta sake juyawa, kamar dai in ta canza masa zama abin da ke ciki zai canza.

"Kin tsare shi da ido kamar hoton miji," in ji abokin aikinta daga wancan teburin, bai ko ɗago kai ba. "Rubuta mana mu wuce, sha ɗaya ta gota."

Ta ƙara matso da farantin kusa da idonta. Shekara goma sha huɗu ke nan tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin, kuma aikin ba shi da wuyar fahimta. A ɗebo ƙwayoyin cuta daga fitsarin majiyyaci ko jininsa, a shafa su a ɗan faranti mai murfi, a jera ƙananan takardu a kai, kowacce ɗauke da magani iri guda, a sa a akwatin ɗumi su kwana. Da safe a duba. Duk maganin da ke da iko a kan ƙwayoyin, za ka ga fili fes ya kewaye takardarsa kamar zobe, sun ja da baya sun ba shi wuri. Wanda ba ya yi musu komai kuwa, har kansa suke hawa.

Takardu takwas ne a wannan farantin. Bakwai an yi musu lulluɓi. Ta takwas ɗin ce kaɗai ke da zobe, shi ma siriri, sai ka ƙura ido.

Abokin aikin ya gaji da jira ya taso ya leƙo ta kafaɗarta. Ya yi ɗan fito. "Kai! Wannan ta ci ta ƙoshi. Irinta ta uku ke nan a watan nan. Na wane ne?"

"Gado na shida, ɗakin maza," ta ce. "Maƙwabcina ne."

Ya koma kujerarsa.

Gidan da take haya bene ne mai hawa uku. Ita tana hawa na biyu, Baba Sifana da matarsa suna ƙasa, ƙofar farko in ka shigo. Mai gyaran famfo ne, kuma sunan ya samo asali daga sifanar da ba ta rabuwa da aljihun bayansa, har ta huda masa wanduna ba iyaka. Matarsa kuwa kowa Maman 'Yan Biyu yake kiran ta, ko da yake 'yan biyun sun girma sun bar gari, namijin yana tuƙin babbar mota, macen tana koyarwa. Ita kuwa Malama ba koyarwa take yi ba. Malamar asibiti aka fara ce mata, yau da gobe asibitin ya faɗi a hanya.

Ba aikinta ba ne kai sakamako ɗakin majiyyata, akwai mai yin haka. Amma ta cire safar hannu, ta wanke hannu har gwiwa, ta ninke takardar ta fita da kanta.

Ta tarar da likitan a baranda yana cika fayil a tsaye. Matashi ne, idanunsa jajur. Ya karanta takardar sau ɗaya, ya koma sama ya sake bin ta da bakin biro.

"Shi ya sa," ya ce. "Kwana biyar ina ɗura masa na uku a jerin nan, zazzaɓin ko gezau."

"Na ƙarshen fa, Dokta? Akwai ɗan zobe."

"Akwai." Ya shafa fuska. "Ba mu da shi a nan, tun bara rabon da in gan shi. Kuma allura ce mai taɓa ƙoda, shi ga tasa ƙodar ta fara gajiya. Amma me ya rage mana? A nemo."

Baba Sifana na kwance a jikin bango, ledar ƙarin ruwa a sama, ledar fitsari rataye a ƙasan gado. Mako biyu da suka wuce fitsarinsa ya tsaya cak, aka kawo shi, aka sa masa robar fitsari, aka sallame shi. Bayan kwana shida aka dawo da shi yana rawar sanyi cikin bargo biyu. Yanzu fuskarsa ta faɗa, gemun da bai taɓa bari ba ya fito fari-fari. Da ya hango ta sai ya yi ƙoƙarin gyara zama.

"A'a, Malama da kanta! Yau gado na shida ya yi baƙuwa."

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Jiki ya zama na mutane. Ki duba abin kunya, 'yata. Shekara talatin ina buɗe wa jama'a bututu, nawa ya toshe, sai wani yaro ya zo ya sa mini tiyo." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "To me injin naki ya ce?"

"Dokta zai zo ya yi maka bayani."

Ya dube ta na ɗan lokaci. Idanunsa sun yi zuru-zuru amma ba abin da ya ɓace musu.

"Ni ma in na shiga gidan mutum na ce masa 'bari mu gani,' to bango za a fasa," ya ce a hankali. "Kada ki faɗa wa mamanki a tsaye. Ki sa ta zauna tukun."

A hanyarta ta komawa ne abin da take ta turewa tun safe ya cim mata. Wata huɗu baya, da sassafe, tana saukowa a guje don kada motar ma'aikata ta bar ta, ya tare ta a gindin matakala. Yana ta kame-kame, yana kallon ƙasa. In ya je bayi, in ji shi, sai ya ji kamar an zuba barkono. Ta san abin da ya kamata ta ce: ka zo asibiti, a ɗauki fitsari, a gwada. Kwana biyu kawai. Amma mota na ta hon a waje. Ta yage gefen wata takarda, ta rubuta sunan magani, ta ce ya kai kemis. Bayan kwana uku ya ɗago mata babban yatsa daga nesa. Ba ta tambaye shi ko ya shanye duka ba.

Da yamma ta tarar da Maman 'Yan Biyu a tsakar gida tana matse zanin gado. Ta dawo ta yi wanki ne ta koma asibiti. Tana ganin Malama ta saki zanin a bokiti.

"Ya fito?"

"Mama, zo mu zauna."

Suka zauna a matakala ta biyu. Malama ta yi bayani da kalmomi mafi sauƙi da ta samu. Ta ce ƙwayoyin da ke jikinsa sun saba da magungunan, sun san su, ba sa jin tsoronsu.

"Sun saba kamar yaya? Magani ne fa. Ko dai jabu ake ba shi?"

"Mai kyau ne, Mama. Cutar ce ta fi ƙarfinsa."

"To a ƙara masa yawa mana. A ba shi biyu maimakon ɗaya."

"Ko goma aka ba shi, shi zai illata, ita tana nan."

Maman 'Yan Biyu ta goge hannuwanta a zani, ta sake gogewa, alhali sun bushe. "Ciwon fitsari fa, Malama. Wa ya taɓa jin ciwon fitsari ya kayar da namiji? Mahaifina ya yi shi, allura uku aka yi masa ya tashi ya koma aikinsa."

"A lokacin allurar tana ci."

"Yanzu ita ce ta tsufa, ko mu?"

Malama ta dafa kafaɗarta. Ta ce akwai sauran magani ɗaya, kuma za ta nemo shi.

Kwana biyu aka yi ana nema. Ta kira duk wanda suka yi makaranta tare, ta kira wanda rabon su da magana tun bikin wata ƙawa. Wannan ya ce ya ƙare, wancan ya ce bai taɓa ajiye shi ba, wani ya ce ga mai kama da shi. Ba mai kama da shi take nema ba. A ƙarshe 'yar Baba Sifana ce ta samo shi a babban birnin da take koyarwa, ta shigo motar safe da ɗan kwali a cinya, ta ƙi yarda a sa shi a bayan mota cikin kaya. Kafin ta iso ƙwayoyin sun riga sun shiga jini. Malama ce ta ga haka ma, a wani farantin.

Ranar aka ɗauke shi daga cikin jama'a aka kai shi ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda. Aka manna takarda a ƙofa, aka ajiye kwalin safar hannu da rigunan leda a kan kujera. Nas ta tare Maman 'Yan Biyu a bakin ƙofa ta miƙa mata.

"Na mene ne?"

"Doka ce, Mama. Don kada a ɗauka a kai wa wasu."

Ta juyo wajen Malama. "Shekara talatin da huɗu ina wanke wa mutumin nan kaya. Yau sai da roba zan taɓa shi?"

"Akwai masu sabon ɗinki a ɗakin can, Mama. Akwai jarirai a sama. In ta kai gare su, su ma babu abin da za a ba su."

Ta karɓa. Yatsunta masu kauri ne, safar ta ƙi shiga, Malama ta taya ta ja. Daga ciki muryar Baba Sifana ta fito, a dushe: "Ku shigo da ita in ga sabuwar likita. Ashe da rabon in auri 'yar boko."

Allurar ta yi kamar za ta yi. A rana ta biyu zazzaɓin ya sauka. Ya sha shayi rabin kofi, ya ce a kira masa mai aski, ya yi wa 'yarsa faɗa a kan ta bar ɗalibai ba malami. Maman 'Yan Biyu ta dawo gida tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi a matakala cewa an samu sauƙi. Malama ta taya ta murna da baki. Amma duk shigar da za ta yi ɗakin, idonta ƙasan gado yake fara zuwa, kuma ledar fitsarin kullum ƙasa take yi. Jiya rabi. Yau ɗan tsiyaye mai launin shayi.

Da azahar ɗin rana ta huɗu ta same shi shi kaɗai, an aiki 'yar karɓo sakamako, uwar kuma ta fita shan iska. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi sheƙi. Ta ja kujera.

"Baba, akwai maganar da ke cina."

"Faɗi, kada ta cinye ki."

"Ranar da ka tare ni a matakala. Bai kamata in rubuta maka maganin nan ba. Gwaji ya kamata in sa ka yi. Na sani sarai, sauri ne ya..."

"Wannan 'yar takardar?" Ya lumshe ido kamar mai lissafin shekaru. "Ke a layi ma ba ki shiga goman farko ba. Mai kemis ya ba ni. Surukina ya ba ni ragowar nasa. Kafso mai ja da rawaya kuwa, tun kina firamare nake haɗiyarsa. In na yanke a hannu, biyu. In na shiga kwata na fito, biyu, don rigakafi. Mura ma biyu. Kwana biyu na ji garau, in ajiye sauran saboda gaba." Ya numfasa. "Naki ma ya yi mini aiki. Har na gode miki, ko kin manta?"

"Ka shanye shi?"

"Malama," ya ce, da ɗan murmushi, "kin san amsar."

Ta sunkuyar da kai. Safar hannun ta manne mata da gumi.

"Abu ɗaya nake so ki gaya mini, tsakaninki da Allah. Abin nan da ke jikina, zai kama mamanki?"

"In ana wanke hannu, da wuya. Tana da lafiyarta."

"To shi ke nan." Ya juya fuska wajen bango. "Ki sa mata ido. Ba ta iya zama ita kaɗai ba, surutu ne abincinta."

Ta tari likitan a baranda ta faɗa masa zancen takardar, don ta kasa riƙe shi. Ya saurare ta yana jingine da bango.

"Mai yiwuwa ya taimaka," ya ce. "Mai yiwuwa kuma a nan ya ɗauke ta, ranar da muka sa masa roba. Ko a ruwan da yake aiki a ciki. Ko a nama, kin san abin da ake ɗura wa kaji. Ni ma nan na rubuta wa mutane irinsa ba gwaji, ba sau ɗaya ba, don layi ya yi tsawo. Ba za ki taɓa sani ba, Malama. Ni ma haka."

Ta so a ce ya yi mata tsawa. Da ya fi sauƙi.

Aka tsayar da allurar don ƙodar ta huta, zazzaɓin ya dawo. Aka mayar da ita, fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya. Aka fara maganar wankin ƙoda, aka ce sai jininsa ya daina faɗuwa, jinin kuma bai daina ba. Namijin 'yan biyun yana can wata ƙasa da lodi, ya ce ga shi nan tafe, kwana biyu a hanya. Baba Sifana ya daina barkwanci. Wani lokaci yakan ɗaga hannu sama yana murɗa wani abu da ba kowa ke gani ba, yana cewa a rufe babban famfo tukuna.

Ranar Talata da misalin goma na safe, Malama na zaune tana shafa wani faranti, nas ta leƙo ta ƙofa. Ta dai tsaya a nan tana kallon ta. Malama ta rufe farantin, ta rubuta lambarsa, ta sa shi inda ya kamata, sannan ta tashi. 

Da ta isa ɗakin, an riga an kashe na'urar da aka jona masa. 'Yar na tsaye a taga ta toshe baki da gyale. Maman 'Yan Biyu na zaune a bakin gado, ta cire safar hannun ta yar a ƙasa, tafinta a kan goshinsa tana shafa gashin baya. Nas ta buɗe baki za ta yi magana, Malama ta riƙe mata hannu.

"Ya yi sanyi," in ji Maman 'Yan Biyu, ba tare da ta juyo ba. "Sama da mako biyu ina roƙon Allah jikin nan ya yi sanyi."

Sai da aka rufe shi Malama ta kai ta wurin wanke hannu, ta zuba mata sabulu, ta wanke mata yatsa bayan yatsa kamar ƙaramar yarinya. Ɗan ya iso da la'asar, an riga an kai mahaifinsa.

Bayan mako guda baƙi suka ragu, aka mayar da kujerun aro. Ranar Asabar da hantsi Malama na saukowa, Maman 'Yan Biyu ta kira ta daga ƙofa. Ɗakin a share yake tas. A kan tebur akwai wata leda baƙa, cike.

"Na kwashe masa durowa ne. Ki duba mini waɗanda ba su lalace ba. Matar hawa na uku ta ce 'yarta na tari, na ce ta sauko in ba ta. Kada su tashi a banza."

Malama ta buɗe. Katin kafso iri-iri, wani an ci huɗu, wani shida, babu ko ɗaya da aka gama. Can ƙasa ta ga wanda ta rubuta, saura rabi.

"Mama, ba ni su duka. Zan kai inda ake ƙona su."

"Ƙonawa? Magani mai kyau?"

"Yarinyar kuma ni zan kai ta asibiti ranar Litinin a duba ta. Zan hau in gaya wa uwar."

Maman 'Yan Biyu ta daɗe tana kallon ledar. "Kina nufin su ne?"

"Ban sani ba, Mama. Wallahi ban sani ba."

Maman 'Yan Biyu ta tura mata ledar da bayan hannu, ta zauna a bakin kujera. Malama ta ƙulle bakin ledar, ta ƙara ƙulli na biyu. Ta kasa tafiya, ta zauna kusa da ita.

Suna nan zaune babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani mutum mai furfura ya shigo da sallama, ƙafar wandonsa jiƙe har gwiwa, yana haki.

"Don Allah nan ne gidan mai gyaran famfo? Tun jiya nake kiran wayarsa a kashe. Ruwa ya cinye mini kicin, matata ta ce kada in dawo sai da shi."

Maman 'Yan Biyu ta kawar da kai. Malama ce ta tashi ta je bakin ƙofa ta faɗa masa, a taƙaice.

Mutumin ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar. "Wata biyu da suka wuce ya yi mini aiki. Lafiyarsa ƙalau, har yana tsokanar jikokina. Me ya same shi? Hatsari?"

"Ciwon fitsari," in ji Maman 'Yan Biyu daga ciki.

Ya dubi Malama kamar yana jiran ta gyara zancen. Ba ta gyara ba. Ya yi addu'a, ya yi ta'aziyya sau biyu, ya fita da baya-baya.

Malama ta bi shi da ido daga bakin ƙofa. Bai tayar da babur ɗin ba. Ya kama ƙahonsa ya tura shi a hankali, takalmansa na barin sawun ruwa a kan kwalta, har ya sha kwana.